Sabon Daɓe Ga Tsohuwar Gadar Ƙarfe

Wannan takarda an rubuta ta ne domin hakimai da malamansu, gama su ke fara jin kukan talakawa idan gada ta lalace, su ne kuma injiniya yakan nema da tambaya sa'ad da ya zo rangadi. Maganar da ke cikinta ta wata dabara ce wadda ma'aikatan hanya na Amurka da Turai suka yi wajen shekara talatin suna gwadawa, watau a kwashe mataccen daɓen gadar ƙarfe, a shimfiɗa mata sabo na zaren gilashi da danƙo, wanda nauyinsa kaɗan ne. Za a faɗi inda abin ya yi kyau, a kuma faɗi inda ya ɓaci, don kada wata rana a kawo maganar gaban hakimi ya zama rabin labarin kaɗai ya sani.

Gada da soro

Wanda ya san ginin soro ya san gada. Ginshiƙan da ke tsaye cikin ruwa su ne bango. Manyan ƙarafan da aka gicciya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan su ne azara. Abin da aka shimfiɗa bisa ƙarafan, wanda mota ke bi ta kai, shi muke kira daɓe a cikin wannan takarda.

Daɓen nan shi ke shan wahala. Shi taya ke taka, shi ruwan sama ke fara duka, a kansa man mota ke zuba, a kansa garke ke kashi. Sabo da haka yakan riga sauran gadar mutuwa. Sau da yawa za a tarar ginshiƙai lafiya lau, manyan ƙarafa da sauran ƙarfinsu, amma daɓe ya zama rariya.

To, ko wace gada kaya biyu take ɗauke da su. Na farko nauyin jikinta, wanda ba ta sauke shi dare da rana. Na biyu nauyin abin da ke wucewa a kanta. Ƙarfin ƙarafan kuwa ƙayyadadde ne, abin da kayan farko ya ci ya ci ke nan, na biyu sai saura. Jakin da akumarinsa ya yi nauyi, tilas a rage masa mangala. Kun san yadda masu soro ke yi kafin damina: bana a ƙara yaɓe bisa rufi, baɗi a ƙara, ba mai ɓamɓare na bara, har azara ta fara yin ciki. Haka ake yi wa gada da kwalta. Ko wane gyara a zuba wata bisa wata, nauyi yana ƙaruwa, ƙarafa kuma suna tsufa, har ranar da za a kafa allo a bakin gada a ce motar da ta wuce tan kaza kada ta hau. Daga ranar nan babbar motar hatsi sai ta zagaya, kuɗin zagayen kuwa a kan manomi yakan ƙare.

Yadda daɓen ƙarfe ke mutuwa

Daɓen ƙarfe iri uku aka fi sani. Akwai na raga, watau sandunan ƙarfe da aka gicciya aka yi musu walda, mutum yana tsaye a kai yana hangen ruwa ta ƙarƙashin ƙafarsa. Akwai ragar da aka cika ramukanta da kankare. Akwai kuma na falle, faffaɗan ƙarfe mai haƙarƙari a ƙarƙashi, a zuba masa kwalta a bisa.

Abu biyu ke kashe su duka, tsatsa da gajiya. Tsatsa ba ta bukatar kome sai ruwa da iska, ga ta kuma da kumburi, gama ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri ƙwarai. In ta shiga tsakanin ƙarfe biyu sai ta buɗa su, in cikin kankare take sai ta fasa shi daga ciki. A ƙasashen sanyi abin ya fi muni, domin suna barbaɗa gishiri a hanya don ya narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa abincin tsatsa ne. Daɓen raga ba ya tare kome, ruwan gishirin sai ya zuba kai tsaye bisa manyan ƙarafan da ke ƙasa.

Gajiya kuwa ko yaro ya san ta. Ɗauki waya ka lanƙwasa, ka miƙe, ka lanƙwasa, ka miƙe, ba za ka daɗe ba za ta karye a hannunka, alhali da ja ne ba za ka iya tsinka ta ba. Ko wace taya da ta wuce takan ɗan lanƙwasa daɓe ta sake shi. Bayan miliyoyin taya sai tsaga ta fito, galibi a bakin walda.

Ran 15 ga Disamba 1967 wata gadar ƙarfe da ake kira Silver Bridge, wadda aka gina a 1928 bisa kogin Ohio a Amurka, ta rufta da motoci a kanta, mutum 46 suka hallaka. Laifin ba na daɓe ba ne, wata 'yar tsaga ce a cikin ɗaya daga ƙarafan da gadar ke rataye da su. Amma wannan masifa ita ta sa gwamnatin Amurka ta kafa ƙa'ida a riƙa duba gadojin hanyar jama'a akalla sau ɗaya cikin shekara biyu, a kuma rubuta abin da aka gani. Da aka shiga dubawa sai aka ga gadoji da yawa ba rushewa suke bukata ba, sabon daɓe suke bukata, musamman wanda ba zai ƙara wa tsofaffin ƙarafa kaya ba.

Zare da danƙo

Maginanmu sun daɗe da sanin asirin wannan haɗi. Ƙasa zalla in ta bushe takan tsage, ciyawa zalla ba ta tsayuwa, amma in aka cuɗa su aka tattake, sai a sami tubalin da zai yi shekaru. Ƙasa ke riƙe ciyawa, ciyawa ke hana ƙasa rabuwa. Sabon daɓen nan haka yake, sai dai a maimakon ciyawa zaren gilashi ne, a maimakon ƙasa kuma danƙo.

Zaren gilashi asalinsa yashi ne. Akan haɗa farin yashi da farar ƙasa da waɗansu ma'adinai, a narka su cikin tanderu mai zafin kusan digiri 1,400 a ma'aunin Salshiyas, har su zama kamar zuma. Sa'an nan a tsiyaye ta ƙananan huda masu yawa, a ja da sauri, a naɗe. Sili guda ya fi gashin kai siranta. Abin mamaki, gilashin da tsakuwa ke fasawa, in ya zama zare, wajen ja ya fi ƙarfen gini irin na kullum ƙarfi. Danƙon kuwa daga man fetur ake samunsa. Ruwa-ruwa yake, sai an zuba masa wani magani an kuma ba shi zafi sa'an nan ya daskare, in ya daskare kuma ba ya sake komawa ruwa, kamar ƙwai in ya dahu. Da irin haɗin nan ake yin waɗansu tankunan ruwa da ƙananan jiragen ruwa masu inji, sabo da haka ba baƙo ba ne ga jama'a ƙwarai.

Hanya biyu aka fi bi wajen yin allunan daɓe. Ta farko, wadda aka soma a Amurka tun cikin shekarun 1950, a jera zaruruwa dubbai, a bi da su ta cikin kwamin danƙo, a jawo su ta bakin wani ƙarfe mai zafi wanda aka yi wa siffar da ake so. Abin yakan fito kamar yadda taliya ke fita daga inji, sai dai wannan jawo shi ake yi daga gaba, ba turo shi daga baya ba. Yana fitowa ya riga ya daskare, dogon bututu mai kusurwa, cikinsa fanko. A yanka, a jera gefe da gefe, a manne, ya zama allo. Hanya ta biyu, a yi fata biyu masu kauri, ta sama da ta ƙasa, a sa wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma a tsakaninsu, a haɗe su duka da danƙo.

Ga lissafin nauyi. Akwatin da ke da mita guda ko ta ina, in an cika shi da ƙarfe zai auna kilo 7,850, in kankare ne wajen kilo 2,400, in haɗin zare da danƙo ne bai cika wuce kilo 2,000 ba. Ga shi kuma allon yawancinsa fanko ne. Sabo da haka daɓen zare yakan zo wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin daɓen kankare. Amma a lura da wani abu da masu talla ba su cika faɗi ba: buɗaɗɗiyar ragar ƙarfe ita ma ba ta da nauyi, kusan kunnen doki suke da allon zare. Ribar da ake samu a kan raga ita ce rufaffen daɓe wanda ba ya tsatsa, ba ya santsi, yana kuma tare wa ƙarafan ƙasa ruwa. Ribar nauyi sai a kan ragar da aka cika da kankare, ko fallen da kwalta ta taru masa, ko daɓen kankare.

Inda aka gwada

Ƙasar Sin ta gina wata 'yar gadar mota da wannan haɗi a Miyun, kusa da Beijing, a 1982. A 1992 aka yi gadar ƙafa mai tsawon mita 113 bisa kogin Tay a Aberfeldy, ƙasar Sikotland, ɗaliban jami'ar Dundee suka taya aikin, ba a ko kawo babban injin ɗaga kaya ba. Daga baya wata 'yar tarakta mai jan yashi ta hau ta, daɓen ya tsage, sai da aka ƙara masa ƙarfi a 1997. Gadar ƙafa ce, ba a yi ta don tarakta ba. A 1994 aka yi wata mai ɗagawa a Bonds Mill, ƙasar Ingila, wadda manyan motoci ke hawa. A Amurka kuwa, a 1996, aka kafa wata a jihar Kansas bisa wani rafi wanda sunansa a bakin mutanen wurin shi ne Rafi Marar Suna. Tsawonta bai fi ƙafa 23 ba, cikin yini guda aka ɗora ta.

Wadda ta fi nuna amfanin dabarar ita ce gadar Bentley Creek a jihar New York. An gina ta a 1940, saƙar ƙarfe ce mai tsawon ƙafa 140. Daɓenta na kankare ne, an yi ta ƙara masa kwalta, har aka hana motar da ta wuce tan 14 hawa. A 1999 aka kwashe shi aka shimfiɗa allunan zare. Tsohon daɓe yana auna wajen laba 170 a ko wace ƙafa murabba'i, sabon kuwa laba 32. Nauyin da aka sauke wa gadar ya kai tan 265. Ba a sake manyan ƙarafanta ba, amma aka tuge allon hani, manyan motoci suka koma bi, kuɗin da aka kashe kuma bai kai rabin na sabuwar gada ba.

Labarin gadar Morrison

Wannan labari ya kamata a karanta shi a tsanake, domin daɓen ƙarfe ne aka cire, kuma abin bai yi daɗi ba.

Birnin Portland na jihar Oregon yana bakin kogin Willamette, jiragen ruwa suna bi ta tsakiyarsa. Sabo da haka waɗansu gadojinsa masu ɗagawa ne, tsakiyar gada ta rabu biyu, ko wane ɓangare ya tashi sama kamar murfin akwati, jirgi ya wuce, su sauko. A gindin ko wane ɓangare akwai ƙaton dunƙulen kankare wanda ke daidaita nauyi, kamar dutsen sikeli. In daɓe ya ƙara nauyi sai an ƙara wa dunƙulen nan, in an ƙara masa kuma gatarin da suke juyawa a kai da injin ɗagawa su sha kaya. Don haka irin waɗannan gadoji tun da can raga ake sa musu.

Gadar Morrison an buɗe ta a 1958, tana ɗaukar mota wajen dubu hamsin ko wace rana. Ragarta ta yi fiye da shekara hamsin, taya ta goge ta, ga garin mai yawan ruwan sama, sai ta zama da santsi, motoci suna zamewa. Hukumar gundumar Multnomah, mai gadar, ta riga ta sa wa wata gadarta mai suna Broadway daɓen zare wajen 2005. Sai ta yanke shawara a yi wa Morrison haka. Aka soma aiki a 2011, aka gama a 2012. Irin da aka zaɓa falle biyu ne, na ƙasa mai haƙarƙari da na sama shimfiɗaɗɗe, an haɗa su da ƙusoshi masu zare dubbai.

Ba a daɗe ba ƙusoshin suka fara kwancewa, alluna suka fara motsi, suna tsagewa. Dalili a fili yake ga wanda ya san halin abin. Allon zare ya fi ƙarfe lanƙwasa, ko wace taya sai ta ɗan motsa shi. Ƙusar da ke cikin ramin da ke motsi kullum takan ci bakin ramin, rami ya faɗaɗa, motsi ya ƙaru, ruwa ya sami ƙofa. Ga shi gadar tana tashi tana sauka, alluna suna tsayuwa a tsaye suna kwanciya. Hukuma ta yi ta faci. Daga baya ta hana motar da ta wuce tan 10 hawa, ta kuma mai da gudu mil 25 a awa, a tsakiyar babban birni, motocin bas aka juya su wata gada.

Magana ta kai gaban shari'a. A 2015 aka yanke cewa asarar ta haura dala miliyan biyar, aka raba laifin tsakanin waɗanda suka sa hannu a aikin, ita hukumar ma ta sami nata rabo. A 2017 aka kwashe allunan zaren duka, aka shimfiɗa ragar ƙarfe mai kankare marar nauyi. Watau an biya kuɗin daɓe biyu cikin shekara shida, ban da wahalar jama'a.

Ba wannan ce ta farko ba. A 1999 aka shimfiɗa iri huɗu na daɓen zare a kan gada guda, ta Salem Avenue a garin Dayton na jihar Ohio, don a gwada su, biyu daga ciki sai da aka cire. Ga ganinmu abin da labaran nan ke nunawa shi ne, zare da danƙo ba su cika ba da kunya a tsakiyar allo ba. Inda abin ke ɓaci shi ne mahaɗa: inda allo ya gamu da allo, inda allo ya kwanta bisa ƙarfe, da inda fatar da taya ke takawa ta manne da allo. Riga ko da tsadar yadinta, ɗinki ke riƙe ta.

Halinsa da ya saɓa wa na ƙarfe

Ƙarfe kafin ya karye yakan yi gargaɗi. Yakan lanƙwashe ya zauna a lanƙwashe, kowa ya gani. Haɗin zare ba ya haka, yakan lanƙwasa ya koma daidai, ya lanƙwasa ya koma, ranar da aka wuce iyakarsa sai ya tsage farat ɗaya kamar busasshen itace. Sabo da haka injiniyoyi ba su yarda nauyin da zai zauna masa kullum ya wuce wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ba. Taurinsa kuma bai fi kashi ɗaya cikin biyar na taurin ƙarfe ba, sau da yawa bai ma kai ba, shi ya sa ake yin allon da kauri, ana kuma matso da ƙarafan da zai kwanta a kai kusa da juna.

Wuta ita ce babbar abokiyar gabarsa. Ƙarfe sai zafi ya kai wajen digiri 600 yake rasa rabin ƙarfinsa. Danƙo kuwa yawancinsa tun wajen digiri 100 yake fara laushi, in wuta ta yi yawa kuma ya kama, da hayaƙi mai cutarwa. Akwai magungunan da ake gauraya masa don rage wannan, amma ragewa suke yi. Hasken rana ma yakan ci fuskarsa sannu a hankali in ba a shafe ta ba.

Allon kansa sumul yake, sai an yi masa fata ta tsakuwa da danƙo, ko ta kwalta, sa'an nan taya ta sami abin kamawa. Fatar nan ta sha ɓarewa a wurare da yawa, domin ita da allo ba daidai suke miƙewa da zafi ba.

Sai kuɗi. Ranar saye, daɓen zare yakan ninka na kankare sau biyu ko uku. Inda yake mai da kuɗinsa shi ne in ya hana a rushe gada duka, ko in rufe hanya wata da watanni zai jawo asara mai yawa, gama allunan a masana'anta ake gama su, a kawo, a jera cikin 'yan kwanaki, ba jiran kankare ya bushe. A ƙasar Holan, inda magudanan ruwa da gadoji masu ɗagawa suka yi yawa, sun riƙe shi sosai, musamman a gadojin ƙafa da na keke.

Abin da ya shafi gundumominmu

Mu ma muna da tsofaffin gadojin ƙarfe. Ta Jebba bisa Kwara an buɗe ta a 1916, ta Makurɗi bisa Binuwai a 1932. Akwai kuma irin wadda ake kira Beli, wadda wani injiniyan Ingila, Donald Bailey, ya ƙago lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana harhaɗa ta da hannu gunduwa gunduwa. Akan kafa ta don wucin gadi in ruwa ya cinye hanya, sai wucin gadin ya zarce shekaru. Daɓen irin wannan, na katako ko na fallen ƙarfe, shi ke fara lalacewa.

Ba mu barbaɗa gishiri a hanya, wannan sauƙi ne. Allo marar nauyi kuma ana iya kai shi ƙauyen da babban injin ɗaga kaya ba ya shiga. Har wa yau ba ya da daraja a wurin masu sayen tsohon ƙarfe, ba a narka shi, sabo da haka ɓarawon da ke kwance ƙarafan gada da dare ba abin da zai yi da shi. Amma muna da namu matsaloli. A bazara baƙar fuskar hanya takan haura digiri 60, lalle ne danƙon da za a kawo ya zama wanda aka gwada da irin wannan zafi. Muna da ƙonar daji, da mafarauta, da masu tara shara a ƙarƙashin gada su cinna mata wuta, da tankokin mai masu faɗuwa. Muna kuma da direban da ke ganin allon tan goma ya hau da tan talatin, yana cewa jiya ma ya wuce lafiya.

Idan injiniya ya zo da shawarar sake daɓen wata gada a gundumarku, ba rashin ladabi ba ne hakimi ya yi tambaya, kada a yi cinikin biri a sama. A tambaye shi ko an auna manyan ƙarafan an ga sun cancanci sabon daɓe, gama ba a ɗora sabon rufi bisa azarar da gara ta ci. A tambaye shi a wace gada aka taɓa sa wannan iri, shekara nawa ya yi, motoci masu wane nauyi ke binsa. A tambaye shi yadda za a ɗaure alluna da ƙarafa, da wanda ya gwada ɗaurin. A kuma tambayi wa zai gyara in allo ya fashe, da ko za a bar waɗansu a ajiye. Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin mai walda na kasuwa ba ya iya gyaran zare. Kada a bar shi, ko maƙeri, ko kafinta, ya huda allo ko ya buga masa ƙusa don kafa wani abu. Ko wace huda tana yanke zare, tana kuma buɗe wa ruwa hanya.

Duban gada kuwa, ko daɓenta na ƙarfe ne ko na zare, ba ya bukatar a jira injiniya. Ya kamata malamin hakimi ya keɓe littafi guda na gadojin gunduma, ya je da dagacin wurin sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Ya tsaya a gefe har babbar mota ta wuce, ya saurara. In ya ji ƙwal-ƙwal kamar ana buga ƙofar kwano, wani abu ya kwance. Ya duba mahaɗar alluna ko fatar sama ta tsage a miƙe, ya duba ramukan fitar ruwa ko yashi da kashin dabbobi sun toshe su, ya sa a share. Ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko tsatsa tana ɓarewa falle falle, ko ruwa yana ɗiga daga cikin allo alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba, wannan alama ce ruwa ya shiga ciki ya kwanta. In daɓen zare ne, ya ɗauki ƙaramar guduma ya riƙa ƙwanƙwasawa a hankali, kamar yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta saya. Wuri mai lafiya yakan ba da amo tsantsa, inda fata ta rabu da ciki kuwa sai a ji shi bif. Injiniyoyin Amurka ma da guduma suke fara wannan bincike. Inda aka ji haka a zagaye shi da fenti, a auna faɗinsa, don a gane in ya ƙaru a zuwa na gaba.

Ciyawar da ke gindin gada a sa a nome ta kafin kaka ta wuce, a kuma yi shela ranar kasuwa cewa ba a hura wuta a ƙarƙashin gada. Abin da malam ya gani ya rubuta shi da kwanan wata, da sunan gada, da ɓangaren da abin yake, gabas ko yamma, da awonsa da ƙafa ko da taki. Hakimi ya sa hannu, a aika wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a kuma aika kwafi ga injiniyan Ma'aikatar Ayyuka mai kula da yankin, a bar kwafi guda a ofishin hakimi. In tsaga ta ratsa allo daga gefe zuwa gefe, ko allo yana tashi in mota ta taka shi, kada a tsaya jiran amsar takarda, a tare manyan motoci a bakin gada, a buga wa injiniya waya ran nan.